Malam Gazali da Sunan Kuɗin Waya

Malam Gazali ya yi shekara talatin da biyar yana koyar da Hausa a makarantun firamare na ƙasar Tambuwal. Ya yi ritaya da tsohon babur ɗaya, da akwatin littattafai, da rubutun hannu mai kyau wanda har yau in za a rubuta katin biki a unguwarsu ƙofar gidansa ake zuwa. Mutum ne mai tsabta, mai sallah a kan lokaci, ba ya cin hakkin kowa. Aibinsa ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna da shi ya san shi: in kana son ka ga fuskar Malam ta canza, ambaci Ɗangiwa na Kebbe.

Ɗangiwa taubashinsa ne, ɗan ƙanwar mahaifinsa da aka kai aure Kebbe. Sa'o'in juna ne. Ɗangiwa bai wuce aji uku ba, gishiri da kanwa yake sayarwa a kasuwa, makiyaya su saya wa shanu, mata su saya wa tukunya. Ba shi da dukiyar da za a yi masa hassada a kai, Malam ma ya fi shi rufin asiri. Abin da yake da shi baki ne. Duk abin da Ɗangiwa ya raɗa wa suna, sunan ya zauna ke nan, ko da wasa ya faɗa.

Shekarar da aka haƙa wa unguwar su Malam rijiyar burtsatse, Malam ya kwana uku yana tunani, ya sa mata Rijiyar Zumunci, ya sayi fenti da kuɗinsa ya rubuta allo. Ɗangiwa ya zo gaisuwar rasuwa, ya ga layin jarkoki ya kai bakin titi, ya ce, "Wagga ai Sai-Haƙuri ta." Ya hau babur ya koma Kebbe. Shekara goma sha biyu ke nan, allon yana nan, fentin bai ma gama goguwa ba, amma ko matar Malam, Maimuna, in za ta aika ɗebo ruwa Sai-Haƙuri take cewa. Wannan abu ya ci wa Malam rai fiye da yadda mai hankali zai yarda. Shi da ya san inda ake sa ƙugiya a harafi, shi da ya koya wa rabin garin rubuta sunansu, a ce babu kalma ɗaya tasa a bakin mutane? Burinsa a duniya bai wuce wannan ba: kafin ya mutu ya ji wani suna da shi ya raɗa yana yawo a kasuwa.

Sai ga dama ta zo har gida. Bayan wahalar ƙarancin takardun kuɗi da aka sha, lokacin da mai akuya ya rasa mai saye, mai naira a banki ya rasa abin cefane, ƙungiyar manoma da makiyaya ta yankin ta fito da wata dabara. Ka kai geronka rumbun ƙungiya, a sa maka kuɗi a waya, ka riƙa ciniki da su tsakanin 'yan ƙungiya daga Tambuwal har Kebbe da Fakku. Guda ɗaya na kuɗin daidai yake da tiya ɗaya ta gero, wato kwanon awo, ko farashi ya hau ko ya sauka. Abin ya karɓu, sai dai da matsala. Ba kowane ciniki ne ya kai tiya ba. Mai sayen daddawa ko nono sai waya ta nuna masa sifili da ɗigo da wasu lambobi, kuma babu wanda zai tsaya gaban mai nono ya ce a ba shi na sifili ɗigo uku. Shugaban ƙungiya, Alhaji Ɗanmaliki, ya kira taro a Tambuwal don a samo sunaye biyu: na kashi ɗaya cikin goma, da na kashi ɗaya cikin ɗari.

Malam ya je da babbar riga da littafin rubutu. Aka yi ta kawo shawara. Wani ya ce a dawo da sule da sisi, matasa suka ce ba su san su ba. Ana cikin haka Ɗangiwa ya shigo a makare, ƙafa duk jar ƙasar hanya, ya tsaya daga bakin ƙofa yana tambayar me ake yi. Aka gaya masa. Ya yi dariya ya ce, "To mi ad da wuya? In guda tiya ta, na biye mata ludayi na, ƙaramin kau loma. Ku ba ni wuri in yi alwala." Mutane suka yi dariya, har matan da ke zaune can baya, Ɗangiwa ya wuce abinsa bai ko dawo taron ba.

Malam bai yi dariya ba. Ya ji sunayen sun faɗa kunnensa daram, ya san sun yi, kuma saninsa da hakan ne ya fi ƙona shi. Ya rubuta su a gefen littafinsa, ya ja layi biyu a ƙasa, ya miƙe ya ba da shawara cewa abu mai muhimmanci irin wannan ba a yanke shi da raha, kowa ya kawo nasa a rubuce cikin mako guda. Aka amince. Ya san sarai Ɗangiwa ba zai rubuta komai ba.

Hassada tana koya wa mutum wayo. Malam ya san da sunayen kwano da cokali ba zai ja da taubashinsa ba, don haka ya bi ta inda ba a iya musu. Ya rubuta takarda shafi biyu, ya ce al'ummar da ba ta tuna magabatanta ba ta da albarka, ya kamata kuɗin su ɗauki sunayen mutanen kirki da suka rigaya. Kashi na goma a kira shi Attahiru, sunan marigayi mahaifin Alhaji Ɗanmaliki, wanda ya ba da filin da aka gina rumbun ƙungiya. Ƙaramin kuwa a kira shi Shaihu. Bai yi dogon bayani a kan wannan ba, amma kowa ya san sunan mahaifin Malam ne. Ya kai takardar da hannunsa har zauren Alhaji. Alhaji ya karanta, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malam, Allah shi biya ka." Wa zai tashi a taro ya ce ba ya son sunan uban shugaba? Cikin wata guda sunayen suka fito a wayar kowa.

Ranar da Malam ya ga Shaihu a rubuce a wayarsa, ya yanka zakara. Maimuna ta dafa, ta kawo, ta yi masa murna, amma da ya miƙa mata wayar ya ce ta karanta, sai ta kawar da kai ta ce tuwonta na kan wuta. Bai kula ba. Yana can yana hango fuskar Ɗangiwa.

Ranar kasuwar Tambuwal ya shiga da hantsi, ba don sayayya ba, don ya ji da kunnensa. Ya bi layin masu hatsi, ya ji wasu maza biyu sun ce Attahiru, zuciyarsa ta yi fari. Ya gangara rumfar masu nono, inda rabin cinikin ƙananan kuɗi yake. Ya tsaya gaban wata dattijuwar Bafulatana mai suna Fadimatu, da ke zuwa daga wajen Fakku, ya tambayi kuɗin ƙwarya.

"Ludayi ukku, Malam," in ji ta.

"Inna, ba haka anka sa ba. Duba wayarki, mi anka rubuta?"

"An karanta min," ta ce, ta gyara lulluɓinta. "Sunan maigidana na. Shekara arba'in ban kira shi ba, sai yau don ƙwaryan nono? Ƙaramin kau sunan ɗan farina. Wanda yas sa abin ga, shi ba ya da surukai?"

Matan da ke gefenta suka kwashe da dariya. Wata ta ce ita surukinta ne Attahiru. Wata ta ce a rugarsu Shaihu uku ne, kuma dukkansu ba ta isa ta ambata ba. Malam ya tsaya kamar an dasa shi. A ƙasar nan, wane gida ne babu Attahiru ko Shaihu? Mace ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran na ɗan fari, ba ta kiran na suruki, sai dai ta kewaya. Shi kansa ya koyar da wannan a aji, ƙarƙashin darasin kunya, ya ba da jarrabawa a kai. Amma da yake a takarda ya yi aikinsa, kuma takarda ba ta jin kunya, ko sau ɗaya abin bai faɗo masa ba.

Mai hankali da nan zai tsaya ya ce ya yi kuskure. Malam kuwa sai ya ce makirci ne. Ya tabbatar wa kansa Ɗangiwa ne ya bi ruga-ruga yana zuga mata. Sati uku yana fama da abin a ransa, abinci ba ya masa daɗi. Kullum in ya fita sai ya ji ludayi da loma sun ƙara yaɗuwa, tun daga mata har suka kama masu shayi da 'yan acaba, don namiji ma in zai yi ciniki da mace dole ya yi da harshen da za ta iya amsawa. Ranar kasuwar Kebbe ya ce zai je. Maimuna ta san abin da zai kai shi, ba ta hana shi ba, ta dai ce in ya je ya riƙo mata kanwa.

Hanyar Kebbe ba ta raga wa tsoho ba. Ya isa da azahar, baya na ciwo, ya tarar da Ɗangiwa zaune cikin buhunan gishiri, makiyaya sun kewaye shi. Ɗangiwa na ganinsa ya tashi da murna.

"A'a! Taubashi! Yau bawa ya zaka gaida ubangijinai? Ku ba Malam tabarma."

Malam ya zauna. Ya shirya maganganu tun daga Tambuwal, amma ya ga idon jama'a ya yi yawa, ya ce bari ya fara da saƙon Maimuna, ya nuna musu yadda ake kiran kuɗi da sunansu na gaskiya. Ya ce a ba shi kanwa.

"Ta nawa?" in ji Ɗangiwa, ya ɗauko wayarsa.

Ta biyar ɗin ƙananan yake so. Ya buɗe baki. Sunan yana nan a kan harshensa, ya rubuta shi sau ɗari, ya gan shi a waya kullum. Amma tun da aka haife shi bai taɓa furta shi da murya ba. Baba yake cewa da ransa, marigayi yake cewa bayan ransa. Yanzu kuma zai kira shi a tsakiyar kasuwa, gaban ɗan ƙanwar marigayin, a kan kanwar miya? Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Makiyayan suna kallonsa, Ɗangiwa na jira da yatsa a kan waya.

"Ta loma biyar," in ji Malam, a hankali.

Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya. Ya san taubashinsa, ya san yau sai an ji su har bakin tasha. Ɗangiwa kuwa ya ɗebi kanwa ya ƙulla a leda, ya ƙara masa gyara mai yawa.

"Ashe ta kai Tambuwal," ya ce. "Wallahi sunan ga ya yi daɗin faɗi. Ni wurin matan ga masu nono nij ji shi, nika ta tambaya wa yaf fito da shi, babu wanda yas sani. Kai da ka san mutane, Malam, in ka ji ko wane na, ka gaya min in ba shi goro."

Malam ya dube shi da kyau, yana neman alamar zolaya a fuskarsa. Babu. Mutumin ya manta. Ya jefar da maganar a bakin ƙofa ranar taro, ya tafi alwala, ta fita daga kansa. Abin da Malam ya nema shekara talatin da biyar bai samu ba, ga wanda aka ba shi kyauta bai ma san yana da shi ba. A duk faɗin Tambuwal da Kebbe mutum ɗaya ne ya riƙe ranar da wurin da mai maganar, kuma shi ne zaune a kan tabarmar nan da ƙullin kanwa a hannu.

"Ka san shi?" Ɗangiwa ya sake tambaya.

Malam Gazali, wanda ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ya sa kanwar a aljihu, ya laluba takalminsa da ƙafa.

"Ban san shi ba," ya ce.