Shuɗin da Wendell Yake Nema

A kasuwar tsoffin kayan lantarki ta birnin Tucson, wani dattijo ya farke cikin majigi yana ciro ƙwayoyin lesa masu fidda siririn haske mai kaifi, ƙanana kamar tsabar masara. Duk wadda ya haska a kwali sai ya ja tsaki: wannan ta dushe, waccan shuɗinta ya yi duhu. Da idon hagu yake kallo, kai a karkace. Ina zaton irin wannan hasken ne ya cinye na daman.

Matarsa ta nuna jan tabarau na kare ido da ke goshinsa. "Wendell, sauke shi kan idonka. Ido ɗaya fa ya rage maka."

"In na sa, shuɗin ɓacewa yake yi," in ji shi, yana jona wata. "To me zan kalla?"