Ranar da Bindigar Ntate Seabata Ta Yi Shiru

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, can gindin duwatsun Matatiele, ya san Asabar ɗin ƙarshen wata ba sai an gaya masa ba. Da la'asar sakaliya, bayan tumaki sun shiga garke, Ntate Seabata Letuka (Ntate shi ne Baba a harshenmu) zai zagaya bayan gida, ya zaro ƙaramar bindigarsa daga kube, ya auna wani tsohon suri, ya sakar masa harsashi ɗaya. Ƙarar ta bugi dutse ta dawo, karnuka su ɗauki haushi, mata su yi tsaki su ci gaba da tuƙa tuwon masara. Surin bai yi masa laifin komai ba. Saƙo yake aika wa ɓarayin dabbobi da ke saukowa ta bayan dutse, su san mai gida yana nan kuma ba da sanda kaɗai yake zaune ba.

Ƙuruciyarsa duk a ramin zinariya na Welkom ta ƙare. Ya dawo da tari wanda ba ya jin magani da ɗan kuɗin sallama, ya sayi tumaki masu gashi da wannan bindiga, wadda ko a lokacin ta riga ta ga duniya a hannun wani. 'Ya'yansa suna birni, kowa na fama da kansa. Gashin tumakin nan da ake askewa a sayar, shi ne cinsa da shansa, shi da matarsa Mapaballo. An sha kwashe wa maƙwabta garke, nasa kuwa ko ɗan rago ba a taɓa ɗauka ba. Gaskiya abin ya ɗan hau masa kai. Ko coci za shi, sai ya ɗage gefen bargon da yake yafawa yadda kuben zai leƙo.

A farkon sanyin bara ya tsaya gaban surin ya ja kunama, ya ji ƙyas. Ya sake ja, ƙyas. Ya canja harsasai, ya hure ta, ya girgiza ta kamar rediyon da batir ya ƙare wa. Ba ta ce uffan ba.

Mapaballo tana bakin murhu da ya shigo.

"Baban Paballo, yau surin ya samu hutu ke nan?"

"Harsashi ya yi tsada," in ji shi.

"To," ta ce, ta ci gaba da tuƙi. Ta san shi tun kafin ya yi furfura, ta kuma san sa'ad da yake ƙarya.

Ranar Litinin ya hau motar haya zuwa Kokstad, wurin wani dattijo mai gyaran bindigogi da ake kira Kallie. Kallie ya kwance ta a kan tebur, ya ɗaga gilashinsa, ya nuna masa ɗan ƙarfen da ke sarar gindin harsashi, ya karye. Ya kuma nuna masa ƙugiyar da ke juya gidan harsasai, ta cinye.

"Ntate, wannan ai ta girmi 'ya'yanka. Masu ƙera ta sun rufe tun da daɗewa. Sai dai in nemi gawar irinta in ciro kayan, ko in zauna in goge maka da hannu."

"To goge mini yau, in wuce da motar yamma."

Kallie ya yi dariya, ya nuna masa bango cike da bindigogin manoma masu jiran lokacin farauta. "Ka ga layin? Bar ta nan, ka ba ni wata biyu ko uku. Kuma ban rantse maka ba, tsohuwa ce, ka gyara nan can ya ɓalle."

"Sabuwa fa?"

"Ga su can a gilashi. Ka biya yau, amma ba za ka fita da ita ba. Lasisinka na wannan ne ita kaɗai. Sabuwa sai sabon lasisi, za ta zauna a akwatina har takarda ta fito. In ka ci sa'a, bayan sanyi."

Seabata ya tsaya yana kallon bindigarsa a wargaje. In ya bar ta, zai shiga mota da kube wayam, kuma kafin a kai garin Cedarville da ke kan hanya duk fasinjoji sun lura, kafin ya isa gida labari ya riga shi. In sabuwa ce, sai ya sayar da ragunan da yake ji da su don ya tsare sauran, sannan ya yi ta jira hannu banza. Kowace hanya ya bi, tsakiyar sanyi za ta same shi ba bindiga, kuma lokacin ne ɓarayi suka fi saukowa.

"Haɗa mini ita," ya ce. "Zan yi shawara."

Shawarar ba ta ƙare ba. Kullum bayan cin abinci sai ya tayar da zancen, Mapaballo ta saurara.

"Ka kai gyara mana. Ka tura ɗan itace a kuben, wa zai leƙa?"

"Ni Seabata in yi yawo da itace a ƙugu?"

"Yanzu me kake yawo da shi? Ƙarfe ne kawai ya fi itacen nauyi."

Sai ya ce sabuwa ta fi, ta ce to ga raguna can. Sai ya ce a bari a yi askin tumaki tukuna. Abin tausayi, mutumin ba wawa ba ne. Tsoro ne ya daskarar da shi, don duk zaɓin da ya taɓa sai ya ga garkensa a buɗe. Da ya rasa yadda zai yi, ya ƙara ɗage bargo, ya ƙara goge bindigar da mai har tana ƙyalli. Ya sa a ransa cewa ganinta ne ke tsare masa tumaki. Ya manta cewa mutanen bayan dutse ba su taɓa ganinta ba, jin ta kawai suke yi.

Asabar ɗin ƙarshen wata ta sake zuwa ta wuce shiru. A shagon ƙauye wani maƙwabcinsa ya tsokane shi a gaban jama'a.

"Ntate, ko ka yi sulhu da surin ne? Karnukana sun yi kewar ka."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, amma a hanyar gida sai da ya zauna a kan dutse.

Bayan Asabar ɗin ƙarshen wata ta uku ta wuce shiru suka zo. Ba su ma jira dare ba. Da hantsi ne, gajimare ya sauko ya rufe gangaren da yake kiwo, sai ga mutum uku a kan dawakai, lulluɓe da barguna, fuskokinsu a rufe sai idanu. Biyu suka zagaye tumakin ba tare da sun kalle shi ba. Na ukun ya nufo shi a hankali.

Seabata ya zaro bindigar, ya riƙe ta da hannu biyu.

"Ku bar mini dabbobina. Zan harba."

"Sannu da kiwo, Ntate," in ji mai dokin. Muryar matashi ce, kuma da ladabi. "Kwana biyu ba mu ji ka ba, har mun ce ko ba ka da lafiya."

"Na ce zan harba."

"To harba mana."

Ya ja kunama. Ya san abin da zai ji, amma ya ja, ya sake ja. Matashin ya sauko daga doki, ya zare bindigar daga hannunsa kamar mai karɓar wuƙa a hannun yaro. Ya juya ta, ya auna sama, ya ja shi ma, ya ji ƙyas. Kowa ya san ɓarawon dabbobi ba ya barin bindiga a baya, ta fi masa saniya daraja. Wannan ya girgiza kai, ya miƙa masa ita ta wajen mariƙi.

"Riƙe kayanka, Ntate. Ka sauka gida, sanyin nan ba zai yi wa ƙirjinka daɗi ba."

Seabata ya yi wa tumakin fito, wasu suka juyo, aka sa musu bulala suka bi sauran. Yana jin kukansu har gajimare ya shanye shi. Ya daɗe a tsaye da bindigar a hannu, sannan ya mayar da ita kube, don bai san inda zai ajiye ta ba.

Mapaballo tana shanya wanki ta hango shi yana gangarowa shi kaɗai, rana ko tsaka ba ta yi ba. Ta ajiye rigar da ke hannunta, ta zauna a ƙasa inda take tsaye.