Sabulun Yaya Ladi

Yaya Ladi ta rasu.

Yau da safe, ina ninke dardumar salla, wayar nan da 'ya'yana suka maƙala mini ta yi ƙara. Hadiza ce, babbar 'yarta, daga Yako. Ta ce, “Gwaggo Amarya, sai haƙuri, Inna ta cika.” Na yi salati, na zauna a bakin gado.

Abin da ya fara faɗo mini shi ne sabulu. Na yi mata alkawarin sabulun da za a yi mata wankan ƙarshe da shi, ga shi yana shan iska a kan faifai a ɗakina, nan Kwanar Dangora. Na ce wa Hadiza don Allah kada a taɓa ta sai na iso. Ta ce maza sun riga sun tafi haƙa kabari, sai dai in yi sauri.

Ku yi haƙuri in koma da ku baya, don yaran yanzu ba za su gane ba.

An kawo ni Yako amarya daga Bebeji tun kafin a ba mu mulkin kai, a ƙarshen shekarun hamsin. Gidan malamai na tashi, ban san komai na gona ba. Yaya Ladi ce maƙwabciyarmu, danga ɗaya ta raba mu. Ta girme ni da kaɗan, amma ta riga ta yi suna, kowa Ladi mai toka yake ce mata.

Da ta shigo ganin amarya, ta ajiye mini wani baƙin abu a naɗe cikin ganye, ta fita ba ta ce komai ba. Ni kuwa mura ta toshe mini hanci. Na duba, na ce kai, matar nan akwai kirki, har da daddawa. Ranar da na fara girki na gutsura na daka, na zuba a miyar kuka.

Jama'a, miya ta taso da kumfa har tana kashe wuta.

Uwar mijina ta tsaya a kaina riƙe da haɓa. Ni kuma sai kuka, ina ganin shi ke nan, an yi mini asiri. Yaya Ladi ta leƙo ta kan danga, ta ga tukunya, ta yi dariya har ta durƙusa. Amma kafin Malam, maigidana, ya dawo daga masallaci, ta miƙo mini miyarta gaba ɗaya ta saman danga. A daren nan gidanta gaya suka ci da man gyaɗa.

Tun daga ranar ba ta sake kirana da sunana ba. Amarya mai miyar kumfa. Har na yi jikoki, Amarya nake.

Ita ta koya mini cewa babu shara a gona. In an gama kaka, maza sun zaɓi karan da za su yi danga, sauran sai su cinna masa wuta iska ta kwashe tokar. Yaya Ladi ba ta iya ganin haka. Sai ta aika a roƙar mata ragowar karan gero da na dawa, da ɓawon gyaɗa, da totuwar masara. Mazan suna dariya suna kawowa, ana jibge mata a bayan gida.

Sai ta share wuri fes ta ƙona su. Tokar murhu ba ta shiga aikinta, ta ce ba ka san abin da ya faɗa ciki ba. Tana da wata tsohuwar tukunya mai ɓuli a gindi. Ta shimfiɗa ciyawa a ciki, ta cika da toka, ta zuba ruwa, ya yi ta ɗiga cikin kasko, ja kamar shayi. Ta ɗanɗana da bakin harshe. In bai cije ta ba ta mayar da shi, in ya cije ta sai ta yamutsa fuska ta ce ya yi.

Daga nan sai wuta. A dafa ruwan tokar ya yi kauri, a zuba man gyaɗa ko man kaɗe, a yi ta tuƙi da muciya har kafaɗa ta mutu. Muna tuƙi muna gulmar mazajenmu. Wallahi ina kewar wannan hayaƙin.

Gyaɗar ma haka take yi mata: mai na sabulu da miya, tunkuza ta zama ƙuliƙuli, harawa ta awaki, ɓawo ya koma toka. Na taɓa ce mata saura ƙasar da ke jikin saiwar. Ta ce tana nan tana tunani a kanta.

Akwai abin da ba ta jira a roƙe ta. In aka haihu a Yako, sabulunta yana isa kafin ruwan wanka ya yi zafi. In aka yi rasuwa ma haka. Da shi aka wanke ɗana na fari. Da shi kuma aka wanke Malam, shekaru da yawa bayan haka, kafin yara su dawo da ni nan.

Ganina da ita na ƙarshe da damina ne. Hannuwanta sun kasa, ko ludayi ba ta iya riƙewa. Tukunyar nan mai ɓuli tana kife a bayan ɗaki, kaji na kwana a kai. Muka yi ta hirar da. Ta ce, “Amarya, na wanke rabin garin nan, masu zuwa da masu tafiya. Ni kuma da na cikin leda za a wanke ni?”

Na ce mata ta bari kaka ta yi, ni zan haɗa mata da hannuna.

Ta ce, “To ki yi da jiki. Kuma kada ki kawo mini daddawa.”

Na daɗe rabona da muciyar sabulu. Da aka yi girbi na sa aka tattaro mini kara da ɓawo, maƙwabta na kallona kamar tsufa ya fara taɓa mini kai. Tukunyar farko ta ƙi kamawa. Ta biyu ta kama. Niyyata sabulun ya ƙara bushewa in kai mata ran Juma'a, ta gani da idonta, ta kushe mini shi yadda ta saba.

Ba ta gani ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ɗana ya ɗauke ni a mota. Hanyar Yako ba ta taɓa yi mini nisa irin na yau ba. Muna isa na ga maza sun cika ƙofar gida, ga makara a jingine. Na shiga, na tarar ruwa ya ɗumi, an ɓare sabulun kanti an ajiye a kwano. Hadiza tana tsaye a ƙofar ɗakin ta tare. Sau biyu ana aikowa daga waje, tana cewa a ƙara haƙuri.

Na kwance bakin mayafina na fito da sabulun da na haɗa. Wata yarinya, matar jikan Yaya Ladi, ta leƙa ta ce, “Hajiya, daddawa kika kawo?”

Na yi dariya a gidan makoki, Allah Ya yafe mini. Dariyar ce ta zama kuka.

Ni da Hadiza muka yi mata wanka. Sabulun ya yi kumfa, mai laushi, irin yadda take so.

Dunƙule biyu na yi. Ɗayan nawa ne, yana ƙasan akwatina, na kuma gaya wa 'ya'yana inda yake.

Ya Allah, Yaya Ladi ta tsabtace bayinKa iyakar ƙarfinta, Ka wanke mata kurakuranta, Ka haskaka kabarinta, Ka sa Aljanna ce makomarta. Wanda duk ya karanta wannan, don Allah ya tsaya ya yi mata addu'a kafin ya wuce. Sunanta Ladi, mai toka.