Yadda Aka Kai Ni Birmingham In Durƙusa

Levenshulme, kafin gari ya waye

Ku 'yan gidan Kaka da ke Kano, kun dame ni da tambayar abin da ya kai ni Birmingham ranar Asabar. To ga shi nan, ku karanta ku yi dariyarku, ni dai har yanzu raina a ɓace yake.

Abba ya buga mini ƙofa tun kafin Asuba, bugun da na tabbata har mutanen Gorton, unguwar da ke gaba da tamu, sun ji. Sanyi kuwa kamar an saka unguwarmu ta Levenshulme, a nan Manchester, cikin firji an manta da ita. Na yi salla, na zura doguwar riga, na laluba ƙarƙashin filo ina neman wayata, sai na tuna tana aljihun Abba tun ranar Laraba.

Ga abin da ya faru ranar Larabar. Iyayenmu suna da guruf a waya, na 'yan Arewa mazauna Ingila, inda ake sanar da suna da rasuwa da shagon da aka kawo daddawa. Wani ya tura bidiyon wani Bature a Ostareliya yana ihu wai baƙi su koma ƙasarsu, sai wata tsohuwa daga mutanen ƙasar na asali ta ce masa to shi ya fara haɗa kayansa. Guruf ya kama da wuta. Sai Alhaji Garba na Birmingham, wanda ya fi kowa daɗewa a nan kuma shi ke riƙe da guruf ɗin, ya rubuta cewa Baturen ya yi gaskiya. Wai sababbin zuwa, musamman masu aikin kula da tsofaffi, su ke zubar mana da mutunci, gara a mayar da su. Wai kuma mu gode wa mulkin Turawa, da ba su zo ba da har yau a kan jaki muke.

Wayar Umma tana kan teburin kicin a buɗe, ni kuma ina yanka albasa, dama idona ya yi ja. Na danna na yi magana. Na ce wa ya duba fasfon Turawa ranar da suka shiga Kano da bindiga? Na ce jirgin ƙasan da yake taƙama da shi gyaɗarmu ya zo kwasa, ba kakansa ya zo kaiwa yawon buɗe ido ba. Na ce mutanen waccan tsohuwa an ƙwace musu ƙasa, an raba 'ya'ya da iyayensu, sannan yau jikan wanda ya yi ƙwacen shi ke gadin ƙofa. Har nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa shi ma Alhaji ba a Birmingham aka binne cibiyarsa ba, kuma fasfon Ingila ba ya mayar da mutum jikan Sarkin Ingila.

Matsalar ita ce muryata da ta Umma ɗaya ce sak. Kafin a gane ni ce, rabin Ingila ta ji cewa matar Abba ta zagi dattijo. Abba ya ce irin wannan ba a wanke shi ta waya, sai an taka an je.

Da za mu fita ranar Asabar ɗin, a kan matakala muka yi kiciɓis da Anti Ladi, da ke zaune a filat ɗin ƙasanmu, tana dawowa daga aikin dare a gidan tsofaffi. Bara ta zo ƙasar nan, ita ma tana cikin guruf ɗin, ta karanta komai. Ƙafarta ta kumbura har takalmin ya ƙi rufuwa.

"Nusaiba gidan rediyo," in ji ta. "Na ji shirinki. Amma ba sai kin je Ostareliya ba, 'yata. Ƙauyen kakata yana ƙarƙashin wani titi a Abuja. Mu Gbagyi aka tasa, kuma ba Bature ne ya tuƙo motar rusau ɗin ba."

Na matsa gefe na ba ta hanya.

"Ki je ki gaishe shi, babba ne," ta ce tana neman makullinta. "Amma kada ki je can ki yarda cewa ni abin kunya ce."

Daga Manchester zuwa wani wuri mai tumaki

Muka hau bas ɗin Stockport Road zuwa cikin gari, daga nan muka shiga babbar motar Birmingham da ke tashi ƙarfe bakwai. Direban wani jibgegen Bature ne mai zane a wuya. Ya dubi tikitinmu, ya dubi fuskata, ya ce, "Jana'iza za ku?" Na ce masa eh, tawa. Abba ya murɗe mini kunne ta cikin mayafi.

Ban san tafiya babu waya azaba ce ba sai ranar. Kowa a motar ya sunkuya kan tasa, ni kaɗai ke kallon taga kamar akuyar da za a kai kasuwa. A nan babu shingen 'yan sanda, babu mai cewa "a ba yara na shayi". Shingenmu shi ne wasu jajayen robobi da ake jerawa a titi wai ana gyara, ba ka kuwa taɓa ganin mai gyaran. Muka yi ta rarrafe a tsakaninsu har wata tunkiya a gefen hanya ta wuce mu, ta juyo ta kalle ni da tausayi.

A nan Abba ya fara darasi. In mun shiga in cire takalmi, in durƙusa, in sunkuyar da kai. Kada in kalli idon Alhaji.

"Me zan ce masa?"

"Ba ki da abin cewa. Wanda ya kawo mai laifi shi ke magana. Ke naki durƙuso ne."

"Abba, tsakani da Allah, ƙarya na yi?"

Ya daɗe yana goge gilashinsa. "Rashin kunya kika yi."

"Ba shi na tambaya ba."

"Shi na amsa."

Wajen Stafford aka tsaya hutu. Abba ya saya mini burodi mai cuku a tsakiya, sanyi ƙalau, a kan kuɗin da zai ciyar da gidan Kaka har da maƙwabta. Na ci ina tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro guruf.

Birmingham

Muka sauka da hantsi. Birmingham gari ne da aka gina don a ɓatar da baƙo, tituna sun hau kan juna kamar taliyar da ta kwana. Muka ɗauki tasi, direban ɗan Somaliya ne. Da ya ji muna Hausa ya ce, "Najeriya? Ku ma Turawan nan ne suka zana muku taswira?" Abba ya ce masa don Allah ya kula da hanya. Na so in ba mutumin nan tukwici, amma ko sisi babu a jikina.

Gidan Alhaji babba ne, da mota biyu a ƙofa. Matarsa, Hajiya Binta, ta buɗe mana, ta kawo ruwa, ta dafa kaina. Daga kicin ƙamshin miyar kuka da man shanu yake fitowa, irin wanda zai sa mutum ya amsa laifin da bai yi ba. Aka bar mu a falo muna jira har na haddace duk furannin labule.

Da Alhaji ya sauko, na zube a gefen kujera kamar yadda aka koya mini. Ku da kuka saba kuna ganin durƙuso wasa ne. Ni gwiwata a Manchester aka haife ta, ba ta san wannan aikin ba. Abba ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce ga yarinya ya kawo, ta ɗauki wayar uwarta ba da izini ba, ta yi wa babba magana irin wadda ba a yi, laifinsa ne da bai ja mata kunne da wuri ba, a yi haƙuri. Ya faɗa sau uku. Ban taɓa jin muryar Abba ta yi ƙasa haka ba, kuma wallahi wannan ya fi ciwon gwiwar ci mini rai.

Na ɗauka an gama, saura tuwo. Sai Alhaji ya ƙwala wa ɗansa kira.

"Faruku! Kawo wayata, ka ɗauki bidiyo. A guruf ta yi, a guruf za ta gyara."

Faruku ya zo ya tsaya a kaina da waya, kunya kamar ta kashe shi. Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Ki ce duk abin da kika faɗa ƙarya ne. Ki ce Alhaji ya yi gaskiya, waɗannan masu wankin tsofaffin sun zubar mana da mutunci."

Na saci kallon Abba. Ya ƙura wa kafet ido. Bakina kuwa, kun san shi, ba ya neman shawarata.

"Baba, na yi maka rashin kunya, ka yafe mini don Allah. Maganar cibiya da ta fasfo ban kyauta ba. Amma Anti Ladi ɗazu na gan ta, ta kwana tana juya tsohuwar wani a kan gado, ƙafarta ta kumbura. Ba zan ce ta zubar da mutuncin kowa ba."

"Kana ji?" Alhaji ya juya kan Abba. "Kana jin abin da ka haifa? Ni na ɗauko ka daga filin jirgi da akwati ɗaya, a falon nan ka yi wata uku kana kwana!"

Sai Abba ya miƙe, ya sa tafin hannunsa ya rufe wayar da ke hannun Faruku.

"Ban manta ba, Yaya, shi ya sa na tako da ƙafata. Haƙuri na kawo, ba fim na kawo ba. Ta ba ka na rashin kunya, ni ma na ba ka. Ɗayan kuwa ko ni ba zan faɗa ba, balle in sa 'yata. Tashi, Nusaiba."

Tashin ma sai da ya kama ni, don ƙafafuna sun riga sun yi murabus. Alhaji yana ta faɗa, yana cewa yaran Ingila, yaran Ingila, kamar ba shi ne mai cewa a gode wa Ingilar ba. Muka sa takalma muka fita ba mu ci ko loma ba, kun kuwa san abin da hakan ke nufi a gidan Bahaushe.

Mun kusa kwanar layin sai ga Hajiya Binta da silifas, tana haki, da leda a hannu. Ta cusa mini ita, da ɗumi.

"Ungo, ja'ira. Ba a barin tuwona." Ta rage murya. "Sau huɗu na saurari abin nan naki a banɗaki."

Komawa

A tasha muka buɗe ledar, muka ci tuwon shinkafa da miyar kuka da hannu a kan benci, Turawa suna wucewa suna leƙe. Su leƙa, su ma sun leƙa namu ba da gayyata ba.

Ba mu fita daga Birmingham ba wayar Abba ta yi ƙara. Ya duba, ya nuna mini: Alhaji ya cire shi daga guruf, ya cire Umma. Ku kuna ganin abin dariya ne, amma nan ne kaɗai suke jin wa ya haihu, wa ya rasu, wa za a kai gawarsa gida. Abba ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya kife ta a cinyarsa. Na ce masa ya yi haƙuri, wannan karon da gaske, ba tare da an koya mini ba.

"Naki bai ƙare ba," ya ce. "Akwai Ummanki, da kika ara mata murya. Can kuma ba ni zan yi miki magana ba."

"Wayata fa?"

"Bayan jarrabawa."

"Abba, ai kai ma yau ka yi rashin kunya."

Ya juya ga taga da sauri, amma na ga kafaɗarsa tana rawa.

Mun iso Levenshulme bayan Magariba, ana yayyafi. Na gode wa Allah da Ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajiya Binta da man shanunta, na gode wa gwiwoyina da suka yi abin da ba a haife su don shi ba. Alhaji Garba kuwa gaisuwa ce tsakanina da shi, in na gan shi zan durƙusa har ƙasa. Amma in ya sake kiran Faruku da waya, amsar da ya ji ita zai sake ji.