Gawayin Kawu Tanderu

Shekara ashirin da tara Kawu Tanderu ya yi a ɗaki ɗaya, ɗakin ƙarshe na sashen kimiyyar sinadarai a jami'a, wanda ba mai leƙa shi sai mai buƙata. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har ya danne na yanka. Aikinsa gari ne. Ya auna farin gari iri uku ko huɗu, ya zuba a ɗan turmin dutse da bai wuce tafin hannu ba, ya yi ta niƙa har wuyan hannu ya sage, sannan ya juye a 'yar tukunya mai jure wuta ya tura cikin tanderu. Zafi ma'auni dubu ɗaya da ɗari uku, awa huɗu. Wutar ta cinye masa gashin gira tun da wuri, daga baya ta fara taɓa idon.

Bai yi digiri ba, amma ya san abin da yake yi. In sabon ɗalibi ya shigo yana hura hanci, Kawu kan ce, "Ɗana, gari in ya sha wuta, ƙwayoyinsa jeruwa suke yi kamar tubali a bango. Jeren shi ne komai. Ka sa baƙuwar ƙwaya a gurbin da ya dace, bangon ya riƙe haske. Ka kuskure, toka ka dafa."

Abu ɗaya yake so, kuma bai taɓa ɓoyewa ba: ya ga sunansa a takardar bincike. Ko a ƙarshen layi, ko da ƙananan baƙaƙe. Ya ga sunayen mutanen da ba su san inda makunnin tanderu yake ba sun jeru a saman takardun da guminsa ya haifa. Tun a shekararsa ta goma ya sayi firam mai gilashi ya ɗora kan kwabet. Marigayiya matarsa takan tsokane shi, "Malam, ko hotona za ka sa a ciki, kafin gilashin ya tsufa?" Ta rasu firam ɗin yana nan fayau.

Farfesan da Kawu ke yi wa aiki ya daɗe yana neman garin da zai sha haske ya riƙe, ya ci gaba da walƙiya bayan an kashe fitila. Irin wannan gari sai an gasa shi cikin wata iska ta musamman, wadda ke zare wa baƙuwar ƙwayar ɗan abin da ke daƙile haskenta. Tukunyar iskar kuwa shekara biyu ke nan ba komai a ciki, takardar neman wata tana barci a wani ofis. Farfesa ya ce a gasa haka nan. Sau goma sha ɗaya Kawu yana gasawa, sau goma sha ɗaya garin yana fitowa da ɗan ja-ja marar kuzari a ƙarƙashin fitila, da an kashe ta shi ke nan.

A karo na goma sha biyu ya tuna kakansa maƙeri, wanda kan ce gawayi in aka rufe shi da wuta, iskar wurin yake cinyewa. Ya sayi ƙulli ɗaya a bakin hanya, ya daka, ya cika babbar tukunya, ya binne ƙaramar a ciki, ya rufe ruf. Washegari da hantsi ya shiga ɗakin ajiya marar taga, ya haska garin, ya kashe fitila. Sai ga kore shar a tafin tukunya, yana haske shi kaɗai. Kawu ya zauna a kan kwali yana kallo har minti arba'in, hawaye na bin inda wuta ta ƙona.

Ya tari Farfesa a bakin ƙofa, domin Farfesa ba ya shiga ɗakin, wai zafi yana tayar masa da ciwon kai.

"Ranka ya daɗe, gawayi ne ya yi aikin. A cikinsa na binne tukunyar."

Farfesa ya yi dariya har da riƙe ƙofa. "Gawayi? In rubuta wa masanan duniya gawayi? Mu masu gasa masara ne? Kawu, bar wannan magana tsakaninmu."

"To sunana fa, ranka ya daɗe?"

"Muna tafe. Ka ƙara haƙuri."

An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Kawu dai ya dafa dutsen, da hannunsa, romon kuwa a kwanon wani ya sauka. Takarda ta fito da sunaye biyar, da zanen jeren ƙwayoyi mai kyau, da jimla ɗaya da ta ɗaga Farfesa sama: wai an samu wannan haske ne da gashi a iskar da kowa ke shaƙa, ba tare da iska ta musamman ba. Aka yi ta gayyatarsa taro. Kawu ya kai kwafi gida, autarsa, wadda ke aikin jinya, ta bi sunayen da yatsa sau biyu. Babu nasa a ciki.

Shekara ɗaya da rabi ƙaryar ta yi tana fure. Masana a wasu ƙasashe suka bi abin da aka rubuta daki-daki, suka samu ja-ja marar kuzari, irin na Kawu na sau goma sha ɗaya. Wasiƙu suka fara zuwa. Jami'a ta kafa kwamiti na mutum uku.

Ranar zaman, Farfesa ya zo da fuskar mai karɓar gaisuwar mutuwa. Da Kawu ya faɗi yadda ya yi gashin, Farfesa ya yi caraf. "Ni aka fara yaudara," in ji shi. "Na amince da ma'aikacina. Ban taɓa jin zancen gawayi ba sai yanzu."

"Ranka ya daɗe, a bakin ƙofa na faɗa maka," in ji Kawu. "Har ka yi zancen masara."

Shugabar kwamitin ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, akwai a rubuce?"

Akwai. Kawu mutum ne mai rubuta komai, kowane gashi da ranarsa da zafinsa. Ya miƙa littafinsa da hannu biyu, yana murna gaskiya ta zo. Ga shi nan a shafi, da rubutunsa: an binne cikin gawayi. Littafin ya shaida shi ya zuba. Bai shaida ya faɗa wa kowa ba, domin wa ke rubuta hirar bakin ƙofa? Farfesa aka ja masa kunne kan rashin sa ido. Kawu aka ce ya tafi ya huta, saura wata bakwai ya cika talatin.

Bayan wata uku Auta ta zo da takarda guda da ta buga a wurin aiki. Sanarwar gyara ce daga mujallar da ta wallafa binciken. Idonsa ba ya ɗaukar ƙananan baƙaƙe yanzu, ita ta karanta masa a tsaye, cike da haushi. Ga sunansa cikakke, har da na mahaifinsa, ba a kuskure ko harafi ɗaya ba.

"Ɗauko min firam ɗin can," in ji shi.

"Baba, zagi ne fa. Sun ce ganganci ka yi, ba da izini ba."

"Maimaita layi na uku."

Ta maimaita. "Hasken da aka gani ya samu ne saboda gawayin da ma'aikacin ɗakin gashi ya yi amfani da shi." Sai sunan.

"To a nan ƙarya suka yi?"

Ta miƙa masa firam ɗin. Ya goge ƙurar shekara goma sha tara daga gilashin da gefen rigarsa. Ya sa ta ɗora masa yatsa a kan kalmar ganganci, ya ninke takardar daidai wurin, ya sake ninke ta ta ƙasa, har ya rage layi ɗaya tal. Takardar ta yi wa firam ɗin kaɗan ƙwarai, kwali ya fito ta sama da ƙasa. Ya nemi ƙusa bai samu ba, sai ya mayar da shi kan kwabet inda ya saba zama, ya jingina shi da bango.