Tatsuniyar da Iya Ba Ta Taɓa Rufewa Ba

'Yata Hafsa tana karatun tarihi a wata jami'a a Tianhe, nan ƙasar Sin, ni kuwa ina fama da dilolin kaya a unguwar Xiaobei. Ran nan ta shigo shago da aikin da aka ba ta kan basasar Ingila, ta kusan shekara ɗari huɗu baya, lokacin da sarki da majalisa suka raba gari. Ta nuna mini a kwamfuta: wasiƙun sojoji, rajistar coci, koken matan da aka kashe wa mazaje.

"Baba, har sunan baduku da ya mutu a yaƙin suna da shi."

Wallahi sai na ji ƙaurin karan dawa a hancina.

A Kano, kakata Iya kan tara mu gindin murhu bayan isha'i. Akwai tatsuniyar da ba ta yi sai wuta ta kusa mutuwa. Wa da ƙane ne, ciki ɗaya, zamanin basasar Kano. Wan yana cikin gari, ƙanen ya bi waɗanda suka fita. Ranar da aka gwabza, cikin hayaƙi, wan ya soke wani a bakin ganuwa. Da ya juya gawar, sai ga laya irin tasa, ɗinkin uwarsu.

"Iya, yaya sunan ƙanen?"

"Kai Maigida, rufe mini baki! Sunan nan ba ya fita a bakina."

Maigida take kirana don sunan mijinta na ci, kuma matan zamaninta ba sa kama sunan miji. Kowace tatsuniya takan rufe ta da ƙurunƙus, mu san ƙarya aka shara. Wannan ko sau ɗaya ba ta rufe ba, sai dai ta tura itace cikin murhu.

Sai da gemuna ya yi fari, a ƙasar Sin, na haɗa zancen, tsoro ya kama ni. Wanda ya yi kisan ya haifi ɗa, ya mayar masa da sunan ƙanen. Ɗan nan shi ne mijin Iya. In na mutu da labarin, an sake binne bawan Allah.

Na ba Hafsa shi duka. Ta ce, "Baba, malaminmu ba ya karɓar labari babu takarda."

Na jawo aljihun tebur, na miƙa mata fasfona.

"Buɗe. Sunansa na nan gefen hotona."