Baba Boniface, Wanda Ya Dawo Mana da Yara Makaranta

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 1978, ina cikin aji abokin aikina Malam Innocent ya leƙo ya ce in fito. A bakin ƙofa ya shaida mini cewa Allah Ya yi wa Baba Boniface Okechukwu, mai gyaran takalmi a Sabon Gari, rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana tara.

Baba Boniface, ni ne Zakka, hedimastan firamaren Kwarin Ari, wanda ya zo maka da tsinkakken takalmi shekara biyu da suka wuce, ya zauna a bencinka yana ta ƙorafi. Lokacin an buɗe karatun firamare kyauta, yaranmu kuwa daga rugage da ƙauyuka suke zuwa, wasu tafiyar mil uku, ƙafa ba takalmi, ga ƙaya ga tsakuwa. Kano tana ta gine-gine, tifofin yashi suna wuce mu dare da rana, sai yaran suka koyi ɗare musu baya don su huta da tafiya. Ran nan wata yarinya, Zinariya, ta faɗo ta karye a hannu. Cikin mako guda iyaye suka janye 'ya'yansu. Daga yara tamanin muka koma goma sha ɗaya, har aka fara maganar rufe makarantar.

Kana ɗinki kana saurare, ba ka ɗago ba. Da na gama sai ka ce, "Malam, yaro ba ya ƙin tafiya, ciwon ƙafa yake ƙi. Ran Asabar ka tara mini su."

Na ɗauka magana ce kawai. Sai ga ka da takardun buhun siminti da gawayi, kana tsayar da kowane yaro kana zana ƙafarsa. Ka bi kanikawan Titin Ibrahim Taiwo ka kwaso tsofaffin tayoyi, ka yanka, ka ɗinke. Kafin wata ya ƙare babu yaron da bai da nasa takalmin.

Mai unguwa Ari bai yarda da kai ba da farko. Ya tambaye ka a gaban mutane me baƙo yake nema da 'ya'yansu. Ka amsa masa da Hausarka mai karkata, ka ce lokacin yaƙin basasa ka yi tafiyar kwana goma sha biyu da 'yarka Nneka a kafaɗa, ka san abin da hanya take yi wa ƙafar yaro. Sai mai unguwa ya aika aka kawo maka tabarma da fura.

Daga nan ka mai da Litinin ranarmu. Ka rufe rumfarka, ka sauka daga mota a ruga mafi nisa, ka tattaro yara kuna tafe kuna waƙa, kowane gida aka wuce layi ya ƙara tsawo. A shekarun da kowane malami yake burin babur, kai mai furfura kana gaban ayari a ƙasa, yara suna rige-rigen cim maka. Ka hana su shan ruwan kududdufi saboda kurkunu, ka sa kowa ya rataya gorarsa ta ruwan rijiya. In an iso, sai an wanke ƙafa ka duba tsakanin yatsu kafin a shiga aji. Faɗa kake da shi, ban ɓoye ba. Ni kaina ka taɓa tsare ni a gaban malamaina don na bar randar makaranta a buɗe. Na ji haushi ranar, amma da gaskiyarka.

Yau yaranmu ɗari da arba'in ne. Bana babu wanda kurkunu ya kwantar, kuma babu mai kallon tifa. Zinariya ce take riƙe da usur a gaban layi.

Ina so ka sani aikin ba zai tsaya ba. Washegarin rasuwarka mai unguwa ya tara magidanta, suka raba kwanakin rakiya a tsakaninsu, shi ya ɗauki Litinin da kansa. Wasu mutum biyu da ka koya wa yankan taya sun kafa rumfa a gindin tsamiyar kasuwa. Abin da ka fara ya zama na gari, ba wanda zai iya kwance shi.

Allah Ya ji ƙanka, Baba Boniface, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya ba ka hutawa ta har abada. Mama Felicia, uwargidan marigayi, da Nneka, da sauran dangi na Sabon Gari da na gida, Ubangiji Ya ba ku haƙuri da ƙarfin zuciya. Mutanen Kwarin Ari sun ce in gaya miki, Mama, duk ranar da zaman birni ya yi miki nauyi, ki taho. Kina da gida a can, kina da jikoki ɗari da arba'in.